Gargaɗi Ga Masu Keken Tirayal a Jos: Hattara da Mai Tallan Feda a Intanet

Ina jan hankalin matasan da ke wasan keken tirayal, wato wasan hawa da tsallake duwatsu da katangu a kan keke ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba, a Jos da Bukuru, da iyaye da yayyen da ke biya musu kuɗin kayan gyara, game da wani mai talla da ke yawo a Facebook da Instagram yana iƙirarin cewa yana da fedoji masu faɗi na manyan kamfanoni a kan farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Ba zan ambaci sunan shafinsa ba, domin yana sauya suna da lambar waya a kai a kai, kuma sunan da na rubuta yau zai iya zama na wani bawan Allah mai neman halalinsa gobe. Salon damfarar ne ba ya sauyawa, kuma shi ya kamata kowa ya sani.

Dalilin da ya sa ya zaɓi masu tirayal a bayyane yake. Wasan ya samo asali ne daga yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, inda aka kwaikwayo shi daga gasar babura, kuma a wajenmu masu yin sa ba su da yawa, don haka da wuya ka shiga shagon kayan keke a kewayen Taminus ko titin Ahmadu Bello ka tarar da kayansa a rataye. Matashin da ya ga Danny MacAskill, ɗan ƙasar Sikotilan, yana tsalle daga katanga zuwa katanga, sannan ya ɗaga kai ya ga duwatsun Shere ko na hanyar Riyom, ba abin mamaki ba ne sha'awa ta kama shi. Sai dai idan ya tashi neman kaya, wayarsa ce kasuwarsa. A nan ɗan damfarar yake jira.

Keken gasar tirayal, mai ƙafa inci 20 ne ko mai inci 26, galibi ba shi da sirdi. Mahayi a tsaye yake tun daga farko har ƙarshe, saboda haka kusan duk nauyinsa a kan feda biyu yake sauka. Idan ya tsaya a kan tayar baya ya buga feda da ƙarfi don ya tsallake rami, ko ya diro daga kan dutse mai tsayin mutum, nauyin da ke bugun sandar fedar ya ninka nauyin jikinsa. Ga shi kuma gefen fedar na yawan karo da dutse. Wannan ne ya sa masu wasan ba sa amfani da feda mai kulle takalmi irin ta masu tsere a kan kwalta. Suna bukatar wadda za ta riƙe tafin takalmi da haƙora, amma ta saki ƙafa nan take idan faɗuwa ta zo. Fedar da za ta yi shekaru a kan keken zuwa makaranta tana iya karyewa a rana ɗaya a wannan wasa.

Mutumin yana aiki ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya saba ji. Yana ɗora hotuna masu kyau da ya kwaso daga shafukan kamfanoni, ya rubuta cewa saura ƙwaya kaɗan, sannan ya ja mai tambaya zuwa WhatsApp. A can zai lulluɓe ka da ladabi, yana ta «ranka ya daɗe» da «ɗan uwa», idan ya fahimci Bahaushe ne kai har sallama zai yi maka da rantse-rantse. Zai ce kayan suna Legas ko Abuja, ka tura kafin alƙalami da kuɗin mota, gobe direba zai kira ka daga tashar Bauchi Road. Washegari sai labari ya sauya: an riƙe kayan a hanya, ana bukatar wasu kuɗi na kwastam ko na inshora. Wanda ya sake turawa, daga nan za a toshe lambarsa. Ya kamata a lura cewa kayan da aka ce suna cikin shago a Najeriya sun riga sun shigo ƙasa, kuma harajin shigo da su nauyi ne a kan wanda ya shigo da su, ba a kan mai sayen feda biyu a Jos ba.

Hanya ta biyu ce ta fi damuna, domin wanda aka yi wa ita yakan yi godiya. A wannan karon kayan suna isowa. Kwali mai kyau, fenti mai sheƙi, an buga sunan kamfani a jiki. Mai saye ya yi murna, ya ɗauki hoto ya aika masa, shi kuma ya ɗora hoton a shafinsa a matsayin shaidar cewa shi mai amana ne, da haka ya samu mutum na gaba. Abin da ke cikin kwalin kuwa jabu ne. Wanda aka cinye wa kuɗi ya yi asarar kuɗi kawai, kuma ya san an cuce shi. Wanda aka aiko wa jabu zai ɗaura ta a keke da cikakkiyar natsuwa, ya hau dutse da ita, ba zai san gaskiya ba sai lokacin da sandar ta ɓalle yana tsakiyar dirowa. Idan hakan ta faru, ƙafa takan zame ta bugi ƙasa da nauyin jiki duka, guntun ƙarfen da ya rage a jikin kiranki, wato hannun da ake ɗaura feda a jikinsa, kuma yana da kaifin da zai iya tsarge ƙwauri ko sha-raɓa. Kuɗin ɗorin idon sawu ya fi kuɗin feda ta gaskiya nesa ba kusa ba.

Sunayen da yake yawan fakewa da su sanannu ne: DMR ta Ingila, Wellgo ta Taiwan, Race Face ta Kanada da Shimano ta Japan. Kamfanonin nan ba su da hannu a abin da yake yi, sunansu kawai yake ara. Amma sanin kayansu yana tona masa asiri. Fedar Race Face mai suna Chester, alal misali, jikinta na roba ce mai tauri da ake kira nailan, haƙoranta da sandarta ne na ƙarfe. Duk wanda ya tallata maka ita da jikin alminiyam, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba. Haka Wellgo MG-1, jikinta na maganiziyam ne, wanda nauyinsa kusan kashi biyu cikin uku ne na alminiyam, saboda haka idan ka ɗaga ta ka ji ta danne hannu, ba ita ba ce.

Zuciyar feda ita ce sandar da ke ratsa tsakiyarta ta shiga kiranki, kuma ita ce hoto ba ya nunawa. Feda mai inganci ana yi mata sanda da ƙarfen kuromoli wanda aka gasa ya yi tauri. Ta jabu ana iya yi mata da ƙarfe mai taushi a shafa baƙin fenti, a ido duk ɗaya suke. Mai tallan nan yana son cewa sandar fedarsa ta taitaniyam ce, wato wani ƙarfe mai tsada marar nauyi, don ya ƙara wa kayansa daraja, to wannan ƙarya ce mai sauƙin kamawa: maganaɗisu ba ya kama taitaniyam, don haka idan ka kai shi kusa da sandar ya manne, magana ta ƙare. Sai dai maganaɗisu ba zai bambance maka kuromoli da ƙarfe mai taushi ba, duka biyun yana kama su. A ganina ma mai koyon tirayal ba shi da bukatar taitaniyam ko da ta gaskiya ce, domin tsadarta ta yi yawa, kuma kamfanoni da dama suna ƙayyade nauyin mahayin da aka yarda ya hau ta.

Sauran alamomin ana gane su da hannu. Haƙoran feda mai kyau ƙananan ƙusoshi ne masu zare, ana kwance su da makullin alan a sauya idan sun lanƙwashe ko sun cinye. A jikin jabu sau da yawa za ka ga ƙusoshin ƙarya ne da aka zuba tare da jikin, masu santsi, waɗanda ba za su riƙe takalmi ba da zarar ƙura ko ruwan damina ya taɓa su. Ka riƙe sandar ka jujjuya jikin: ta gaskiya tana juyawa a hankali ba ƙara, saboda giris da rufaffen boris da ke ciki, ba ta kuma girgiza gefe da gefe. Wadda ke wulwulawa babu tsayawa tana ƙarar yashi, busasshiya ce. Faɗin wurin taka ƙafa a yawancin irin waɗannan fedoji yana kewayen santimita 10 a kowane gefe, nauyin guda biyu kuma galibi tsakanin giram 300 da 450. Yawancin kamfanoni suna rubuta nauyin kayansu a shafukansu, kuma ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal ko kayan kek ya isa a gwada. Bambancin giram kaɗan ba komai ba ne, amma idan tazarar ta yi yawa, to an zuba jikin ne da wani haɗi mai arha, wanda yakan tsage maimakon ya lotse idan ya bugi dutse.

Akwai kuma batun zare, wanda jabu ke yawan yi wa keke ɓarna ta nan. Zaren fedar manyan kekuna 9/16 na inci ne, na wasu kekunan yara masu kiranki ƙwaya ɗaya kuma rabin inci. Fedar dama ana ɗaure ta ta hanyar da aka saba, ta hagu kuwa zarenta a juye yake, ana ɗaure ta ne ta juyawa zuwa hagu, shi ya sa ake buga musu harafin R da L. Idan zaren bai fita da kyau ba, ko aka aiko maka da na dama guda biyu, mai gyaran da ya sa sifana mai lamba 15 ya matsa da ƙarfi zai cinye zaren kirankin alminiyam, kuma kirankin tirayal ya fi feda wuyar samu a nan. Kowace feda ana fara shigar da ita ne da yatsu bayan an shafa giris. Idan ta cije tun a zagayen farko, a dakata.

Game da ciniki, Hausawa sun riga sun ce ba a cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko sisi, ka nemi ya kira ka ta bidiyo, ya nuna fedar a hannunsa, ya jujjuya ta, ya kwance haƙori ɗaya a gabanka, ya ɗora ta a sikeli. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Mutumin nan kuwa kullum kyamararsa ta lalace ko yaron shago ya tafi da makulli. Ka saka hotunansa a Google Lens, manhajar da ke binciken hoto a intanet, za ka ga inda aka kwaso su. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka, kuma shafin da watannin baya yake tallan atamfa ko wayoyi ba zai zama ƙwararre a kayan tirayal dare ɗaya ba. Idan ya ce yana da rajista, ana iya duba sunan a shafin hukumar CAC, duk da cewa rajista kaɗai ba shaidar amana ba ce. Lokacin tura kuɗi kuma ka karanta sunan da banki ya nuno: idan ya saɓa da sunan shagon, aka ce maka na ƙanwarsa ne ko na akawunsa, ka janye hannunka. Mafi aminci shi ne ka sa wani ɗan uwa da ke garin da ya ce yana zaune ya je ya gani da idonsa, a biya bayan an karɓa.

Ba na cewa dole sai an sayi mai tsada. Feda mai jikin nailan da haƙoran ƙarfe, ko irin mai kejin nan, wato mai zagayen ƙarfe mai haƙora, da masu tirayal suka daɗe suna amfani da ita, wadda aka sayar da sunanta na gaskiya a kan farashinta na gaskiya, ta fi jabun babban kamfani sau nawa. Ta gwanjo ma da aka ciro daga keken Beljiyam tana da kyau, matuƙar an duba sandar ba ta lanƙwashe ba, jikin kuma babu tsaga. Abin da mai damfarar ke sayarwa a zahiri shi ne sunan da matashi ke son abokansa su gani a kekensa, kuma ina roƙon iyaye su riƙa tambayar inda za a sayo kayan kafin su ba da kuɗin.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya gaggauta zuwa bankinsa a ranar, da rasidin tiransifa da lambar da ke jikinsa, ya nemi a sanar da bankin da kuɗin suka shiga, domin jinkiri ne ke bai wa ɓarawo damar kwashewa. Idan banki bai warware ƙorafin ba bayan mako biyu, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. A ajiye hotunan hirar, da lambar waya, da lambar asusun, kafin ɗan damfarar ya goge shafin. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, ana kuma kai rahotonsa ga 'yan sanda ko hukumar EFCC mai hedikwata a Jabi, Abuja. Batun jabun kaya kuwa yana cikin hurumin hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa. Kada ƙanƙantar kuɗin ko kunyar a ce an yi maka wayo ta hana ka, domin da irin wannan shirun yake samun na gaba. A kuma yi hattara da wanda zai biyo baya yana cewa zai ƙwato maka kuɗinka idan ka ba shi wani abu. Sau da yawa mutum ɗaya ne da sabuwar lamba.

Wanda kuma kayan suka iso masa, ko da ya riga ya ɗaura ya hau bai ga matsala ba, ya kwance su yau ya kai wa mai gyaran keke da ya san aikinsa, a buɗe murfin gefe a zaro sandar a duba ta. Idan an ga ta fara lanƙwasa, ko akwai siririn layi kusa da inda zare ya ƙare, kada a miƙe ta da guduma a mayar, kada kuma a sayar wa wani yaro a unguwa. A ajiye ta tare da kwalinta a matsayin shaida ga hukuma.