Esin gida ko na'urar sanyi ta musamman: wanne ya dace da ɗakin saba?

Malam, ka ce a ofishinku na Titin Gidan Zoo kuna da saba huɗu (kwamfutocin da ke ajiye bayanai suna yi wa sauran kwamfutoci hidima) a rak ɗaya (kantar ƙarfen da ake jera su), kana tambaya ko esin bango zai wadatar ko sai na'urar sanyi irin ta manyan cibiyoyin bayanai.

Mu fara da lissafi. Duk wutar da saba ta sha, zafi take komawa, kuma wat 1 yana ba da BTU 3.41 a awa (BTU ma'auni ne na yawan zafi). Mu ƙaddara kayanka duka, har da UPS (na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke), suna shan wat 2,000: kusan BTU 6,800 ke nan. Esi mai doki ɗaya da rabi yana kwashe BTU 12,000 a awa. Ta fuskar ƙarfi dai ya isa.

Inda yake gazawa shi ne juriya. Don mutane aka ƙera shi, ya yi aiki ya huta, ita kuwa saba ba ta san dare ba, ba ta san Lahadi ba. Ta musamman an yi ta ne don aiki ba tsayawa, tana tura iska da yawa, matatarta ta fi kama ƙura, wasu ma suna ƙara danshi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har ƙarfe ya riƙa jan mutum. Sai dai tsada, ga wahalar samun mai gyara, alhali mai gyaran esi kowace unguwa akwai shi.

Ni a saba huɗu, esi biyu zan sa suna karɓa-karɓa, masu tashi da kansu idan wuta ta dawo. A zafin Afrilu, ƙaramin ɗaki rufaffe ba ya jiran a nemo mai rimot.

Amma ko wanne ka saya, hanyar iska ce maganar. Saba ta gaba take shaƙa, ta baya take fitarwa. Sanyin ya sauka a gaban rak, kada ka manna bayansa da bango, kuma ka toshe guraben da babu kaya da faranti, in ba haka ba iska mai zafi za ta zagayo gaba. ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gine-gine ta Amurka, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 na Celsius a bakin shigar iska, don haka a ƙofar rak za ka rataya ma'aunin zafi, ba kusa da esi ba.