Gargaɗi ga mafarauta da 'yan sintirin Zariya kan mai tallar injin gyaran kwanson harsashi

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na mafarauta ne da 'yan sintiri na Zariya da kewaye, har su Giwa, Soba, Kudan da Maƙarfi. Wanda yake da uba ko yaya mai riƙe da bindiga amma bai saba da karatu a waya ba, don Allah ya karanta masa.

Akwai wani mutum da ke shiga zaurukan WhatsApp na mafarauta yana tallar wani ɗan ƙaramin inji. A hoto za ka gan shi kamar abin yankan makulli na bakin kasuwa, ƙarfe ne a kan katako da hannun juyawa. Cewa yake da wannan inji za ka gyara kwanson harsashin da ka riga ka harba, ka sake cika shi, ka huta da tsadar harsashi. Hausarsa ba gargada. Ya iya gaisuwa, ya san ya ce "Baba, ya daji?", ya san ya ce "a gaishe da Sarkin Baka". Ban kawo suna ko lamba ba domin ba ya daɗewa da ɗaya, yau Alhaji ne daga Legas, gobe tsohon soja ne daga Kaduna. Salon nasa ne ba ya canzawa.

Injin dai akwai shi a duniya, wannan ba ƙarya ba ce, kuma a nan ƙarfin damfarar yake. A Amurka doka ta yarda mutum ya sake cika harsashinsa a gida, kuma masu harbin gasa da mafarautansu suna yi. Kwanson harsashin bindigarsu na tagulla ne, wajen kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan aka harba, matsin wutar kan sa bakin kwanson ya ɗan ƙara tsawo, ƙarin da ido ba ya gani sai da ma'auni. Shi wannan inji aikinsa ɗaya tak, ya aske wannan ɗan ƙarin. Kamfanoni irin su Lee, RCBS, Hornady da Forster ne ke ƙera shi, kuma hotunan kayansu ne mutumin nan yake kwasowa a intanet. Ka duba hoton da kyau, za ka ga teburi tsaf, bango fari, wani lokacin har da rubutun Turanci da farashi a dala da ya manta bai goge ba. Injin ba ya cika komai, ba ya mayar da tsohon kwanso ya zama harsashi. Wanda ya ce maka yana yi, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba.

To yanzu mu dubi abin da ke rataye a kafaɗar mafaraucinmu. In bindigar toka ce, ta baki ake ɗura ta, ba ta da kwanso ko ɗaya balle a aske shi. In kuwa mai baki ɗaya ce ko mai baki biyu, harsashinta jikinsa roba ne, gindin ne kawai ƙarfe, kuma wannan inji ba don shi aka yi ba. Ke nan ko da ace mutumin nan mai gaskiya ne, ya aiko maka da kayan har ƙofar gida, ka sayi abin da ba shi da wani amfani gare ka. Ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan: dattijon da ya shekara talatin yana daji, ya san sawun kowace dabba, a zo a yi masa wayo da hoton ƙarfen da ko kusa bai shafi bindigarsa ba.

Yadda yake karɓar kuɗin ba sabon abu ba ne. Zai ce saura guda uku, a ba da kafin alƙalami. In ka tura, sai ya aiko hoton kwali da sunanka a jiki, ya ce an ɗora a mota, ka jira a tashar Kwangila. Can da yamma wani ya kira ka, wai shi ne direba, an tare su a hanya, sai an ba da na goro kafin a saki kayan. Ka sake turawa. Sunan da ke kan asusun kuma ba ya taɓa zama ɗaya da sunan da ya faɗa maka, kullum "na ƙanena ne" ko "na yaron shago ne".

Inda abin ya fi muni shi ne tun farko yakan ce ka turo hoton bindigarka da katin shaidarka na ɗan ƙasa, wai don a zaɓa maka girman da ya dace kuma a yi maka rajista. Mutane suna turawa da zuciya ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai wata sabuwar lamba ta kira, murya a kausashe, wai jami'in tsaro ne, an kama kayan haɗa harsashi da sunanka, ga hoton bindigarka a gabansu, ko ka turo kuɗi a kashe maganar ko a zo har gida. Duk su ɗin ne. Kuma sun zaɓi wannan haja da gangan, domin sun san wanda aka cuta a cinikin waya ko babur zai tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, amma wanda aka cuta a cinikin kayan harsashi zai haɗiye abinsa ya yi shiru.

Tsoron nasa kuwa yana da tushe. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba su gida uku. Bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana kowa ƙera ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji. Misalin irin wannan masana'anta shi ne DICON, kamfanin gwamnati mai ƙera makaman sojoji, da ke Kakuri, Kaduna, tun 1964. Lasisin riƙe bindiga bai ba ka izinin haɗa harsashi a ɗakinka ba. Shigo da kayan da suka shafi makamai daga waje kuma sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A Janairun 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas cikin kwantena ɗaya, maganar ta kai har kotu. Kayan da ake sa wa ido haka ne wani zai ce zai ɗoro maka a motar haya ya sauke a Kwangila?

Na san abin da ya sa mutane ke faɗawa. Harsashi ya yi tsada, ƙauyukan yamma da Zariya sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, mai tsaron garinsu kuma yana ganin duk abin da zai rage masa kashe kuɗi alheri ne. Ban ga laifin mai wannan tunani ba. Amma buƙatar harsashi magana ce da shugabannin ƙungiya za su kai wa DPO da hakimi, a bi ta hanyar da doka ta sani.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi, ko wa ya kira shi, ko da wace irin murya. Kada ya goge saƙonnin, ya adana su tare da rasit ɗin tura kuɗin da lambar asusun. Ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, domin in an yi sa'a ana iya riƙe asusun kafin a kwashe. Ya sanar da shugaban ƙungiyarsu, su nemi lauya ya saurari maganar tukuna, sannan a tafi wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna tare, ba shi kaɗai ba. Masu kula da zaurukan mafarauta kuma, duk lambar da ta saka wannan talla a cire ta, a kuma tura wa sauran zaurukan hoton tallar, domin da wata lambar zai dawo.