Farin haske ko H-alpha: da wanne za ka fara ɗaukar hoton rana?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ka ce kana da na'urar hangen nesa mai gilashi, faɗin bakinta milimita 80, tana tara haske a nisan milimita 400, kuma kana son fara ɗaukar hoton baƙin tabon da ke fitowa a fuskar rana. Kana tambaya ko ka sayi fallen filtan nan mai ƙyalli da ake rufe bakin na'ura da shi, ko ka daure ka tara kuɗin na'urar H-alpha, tunda an ce maka ita ce ta gaske.

Wanda ya ce maka haka ya ɗauka ɗaya araha ce, ɗayar kuma babbar yayarta mai tsada. Ba haka abin yake ba. Kowacce da irin ranar da take nuna maka. Fallen filta rage haske kawai yake yi, ya bar dukkan launuka su wuce daidai wa daida, sai ka ga fuskar ranar da hasken duniya ke fitowa daga gare ta, mai zafin digiri 5,500 ko kusa da haka. A nan tabo yake. Ba wai baƙi ba ne da gaske, zafinsa ya kai digiri 3,500 ko fiye; maƙwabtansa ne suka fi shi haske, kamar fitilar ƙwai da aka kunna kusa da fitilar mota. Abin da ke sanyaya wurin kuwa maganaɗisu ne mai ƙarfi da ke hana zafin ƙasa tasowa, kuma masanin taurari George Ellery Hale ne ya fara tabbatar da hakan a 1908, a dutsen Wilson da ke Amurka. Ita kuwa H-alpha, toshe komai take yi ta bar jan launi ɗaya tak da iskar haidirojin ke fitarwa, mai tsawon zango nanomita 656.28 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Da wannan siririyar ƙofa kake leƙa wani rufi marar kauri da ke saman fuskar, wanda hasken ƙasa ya saba danne shi. Waɗanda suka ga kusufin rana na 29 ga Maris 2006 a inda duhu ya rufe ruf, a Ghana ko Najeriya ko Nijar, wataƙila sun lura da wasu jajayen harsuna a gefen baƙin faifan. Su ne H-alpha ke nuna maka kullum, ba sai wata ya taya ka ba.

To, tunda tabo ka ce kana so, falle ne abokin tafiyarka, kuma dalilin na cikin lissafi. Baki mai milimita 80 yana iya rarrabe abu biyu a kan rana in tazararsu ta kai kilomita 1,000 ko ɗan sama da haka. Ƙananan na'urorin H-alpha da yawancinmu ke iya saya, irin Coronado PST mai baki 40 ko Lunt mai baki 50, rabin wannan kaifin ko ɗan fiye suke da shi. Wato ka biya kuɗi mai yawa, ka koma ganin tabon bai kai yadda na'urarka ta yanzu za ta nuna shi ba. Ga shi kuma a jan hasken, tabo yakan ɗan dushe, don kana kallonsa ne ta cikin rufin da ke bisansa. Da falle za ka ga baƙar cibiyar, ka ga tokar da ta kewaye ta mai kama da gashin ido, ka ga fararen zane-zane kusa da gefen faifai, inda haske ya ɗan ragu. Ranar da iska ta kwanta, har za ka ga fuskar ta yi ɓarzo-ɓarzo kamar tsakin masara da aka shanya. Kowace ƙwaya a cikinsu tafasa ce mai faɗin kusan kilomita 1,000, takan yi 'yan mintuna ta watse. Da baki 80 kana bakin iyakar ganinsu ne, kada ka sa rai kullum.

Amma kada in ɓoye maka, rana a farin haske ba ta da hanzari. Hoton ƙarfe tara da na ƙarfe goma kusan ɗaya ne. Daɗinta sai ka jera kwanaki: tabo yakan leƙo ta gefen gabas, ya ratsa faifan cikin kwana 13 zuwa 14, ya ɓace ta yamma, saboda daga nan duniya muna ganin rana tana kammala juyi cikin kusan kwana 27. In yana da tsawon rai ya sake dawowa bayan mako biyu. A H-alpha kuwa, abu na motsi kana zaune. Harshen wuta a gefe yakan sauya kama cikin rabin awa. Baƙaƙen zaruruwan da suka kwanta a tsakiyar faifai su ma harsunan ne, sai dai kana kallonsu daga sama. In ka taki sa'a, wuri ya yi fari fat kusa da tabo na 'yan mintuna, wato fashewa ke nan tana faruwa a idonka. A farin haske ganin wannan abu ne mai wuyar gaske. Shi ya sa har yau ake ambaton masanin taurari ɗan Ingila Richard Carrington, wanda ya ga irinta ranar 1 ga Satumba 1859 yana cikin zana tabo da hannu.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Fallen Baader AstroSolar mai girman takardar rubutu ba ya kai dala 50 a inda ake sayar da shi, ka yanka, ka yi masa zobe da kwali da gam. H-alpha ɗaruruwan daloli ce, da yawa sun haura dubu, ban da kuɗin kawowa da na kwastan.

Inda zan tsaya in ja maka kunne shi ne lafiyar ido, don a nan ne mutane ke ganganci. Fallen iri biyu ne. Akwai mai lamba 5.0, wanda ke barin kashi ɗaya cikin 100,000 na haske ya wuce, ana kallo da shi ana kuma ɗaukar hoto. Akwai mai lamba 3.8, na kyamara ne kaɗai, ba a sa masa ido ko na ƙiftawa. Sabon shiga ya sayi 5.0, shi ke nan. A gaban na'ura ake sa shi, ba a baya ba, kuma a ɗaure shi yadda iska ko yaro ba zai fizge shi ba. Kafin kowane zama ka ɗaga shi sama ka duba ko ya huje. Kada ka ja shi ya miƙe tsaf, 'yar tattarar da yake yi ba ta ɓata hoto, jan ne ke ɓatawa. Ƙaramin bututun saiti da ke goye a bayan na'urar, ka toshe shi ko ka cire shi. Da inuwar na'urar a ƙasa ake nemo rana, in inuwar ta tsuke ta zama da'ira, ka iso. Ƙaramin baƙin gilashin nan da ake murɗawa a gindin abin leƙawa, wanda ke zuwa da wasu na'urori masu araha, jefar da shi. Yana zaune ne daidai inda zafi ke taruwa, yakan tsage ba sallama, kuma cikin ido ba ya jin zafin ƙuna sai aikin gama ya gama. Haka nan tsohon fim ɗin asibiti, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, da faifan CD, duk ba sa cikin lissafi.

Akwai wani tarko kuma na suna. Za ka ga filta mai araha an rubuta masa H-alpha, na masu ɗaukar hoton taurari da dare. Ƙofarsa takan kai nanomita 7. Ta na'urar rana kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nanomita guda ba, yawanci 0.07, wato ta fi waccan tsukewa sau ɗari, kuma tana da wasu filtocin a ciki masu tare zafi. Na dare ba zai nuna maka harshe ko ɗaya ba, kuma ba zai kare maka ido ba. Wannan tsukewar ce ake biya wa kuɗi: gilasai biyu ne da aka goge aka jera daura da juna da tazarar da ba ta yarda da kuskure.

Tunda na'urarka mai gilashi ce, kana da hanyoyi biyu na ƙarin girma nan gaba ba tare da ka sake sayen bututu ba. A ɓangaren farin haske akwai wata 'yar na'ura mai gilashi mai kusurwa da ake kira Herschel wedge, wadda ake sawa a baya, ta karkato kusan kashi 5 cikin 100 na hasken, ta zubar da saura, sannan wani baƙin filta ya ƙara ragewa. Hotonta ya ɗan fi na falle tsabta, amma ba a sa ta a na'ura mai madubi. A ɓangaren ja kuma akwai DayStar Quark, 'yar na'urar H-alpha da ake cusawa a mazaunin abin leƙawa. Tana ninka girman hoto fiye da sau huɗu, saboda haka a ƙaramar kyamara unguwa guda ce ta rana ke shiga, ba faifan duka ba, kuma tana son wuta ta ɗumama kanta na kusan minti goma kafin ta daidaita. Da halin wutarmu, sai da fawa-bank a gefe. Ni dai ba zan ba wanda bai taɓa ɗaukar hoton rana ba shawarar ya fara da ita.

Yanzu kyamara, wadda ba ka tambaya ba amma ita ce rabin maganar. Girman faifan rana a kan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da ke kama haske, shi ne nisan tara haskenka a raba da 109. Naka zai ba da kusan milimita 3.7, zai zauna daram a cikin duk sensar da gajeren gefenta ya fi haka. Farin haske ba shi da tsangwama: waya da aka ɗaura a abin leƙawa ma tana kamo manyan tabo. H-alpha kuwa tana da zaɓe. A kyamara mai launi, ɗigo ɗaya ne cikin huɗu ke ganin ja, sauran ukun zaman banza suke yi, shi ya sa kusan duk kyawawan hotunan da kake gani da kyamarar baƙi-da-fari aka ɗauke su, ruwan lemon nan daga baya ake shafa shi a kwamfuta. Ka sa wannan cikin lissafin kuɗinka. Wani lokaci kuma sai ka ga zobba-zobba sun fito a hoton kamar an ɗiga mai a ruwa, sai an ɗan karkata kyamarar kafin su tafi.

Hanyar aiki dai ɗaya ce a duka biyun, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake cewa ka fara da mai araha. Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Bidiyo ake yi na daƙiƙa 20 ko 30 da manhajar SharpCap ko FireCapture, a samu hotuna dubu ɗaya ko dubu biyu, a ba wani shirin kwamfuta, AutoStakkert, ya tsince waɗanda iska ba ta murɗa ba ya ɗora su kan juna, sannan a fito da kaifi da manhajar ImPPG. Koyon saita kaifi da rana tsaka, allon kwamfuta na ƙyalli, kai kuma ka lulluɓa da zane kamar mai ɗaukar hoton dauri, zai ci maka makonni. Gara ka ci su a kan filtan dala 40.

Sai iska, wadda ba ta san nawa ka kashe ba. Kawalwainiyar da kake gani a kan kwalta da azahar, ita ce ke rawa a gaban na'urarka. Ka fita da hantsi, awa ɗaya ko biyu bayan fitowar rana, kafin ƙasa ta ɗau zafi, kuma kada ka saita ta saman rufin kwano; ta kan fili mai ciyawa ko ruwa ya fi. Lokacin hazo bambancin hanyoyin biyu yakan fito sarai. Tabo yakan daure, ana ganinsa ko da ƙura ta rage masa armashi. Harsunan gefe kuwa haskensu kaɗan ne, da sama ta yi fari sai su nutse. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare a damina, sama ta wanku, ita ce ranar mai H-alpha. Kuma hazon nan yana da yaudara: rana takan koma kamar faifan azurfa har ka ji kana iya kallonta da ido. Masanan Sin na da ta irin wannan yanayi suka riƙa hango tabo, har suka rubuta ɗaya a shekara ta 28 kafin haihuwar Annabi Isa, amma kai kada ka gwada, balle ta cikin gilashi.

Abu ɗaya ne ke tsaya wa H-alpha a muhawarar nan, kuma yana da nauyi: lokaci. Tabo yana yawaita ya ragu a zagaye na kusan shekara 11, abin da Bajamushe Heinrich Schwabe ya gano a 1843. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. A Mayun shekarar ne gungun tabo mai lamba 3664, wanda faɗinsa ya kai ninki 15 na duniyarmu, ya jawo guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003. Bayan ganiya sai gangara. A 2019 an yi fiye da kwana 270 fuskar rana fayau, ba ɗigo ko ɗaya, kuma irin waɗannan shekarun za su sake zagayowa. A lokacin mai falle zai riƙa ɗaukar hoton farin faranti, mai H-alpha kuwa ba ya rasa ɗan harshe a gefe.

Da ni ne kai, falle mai lamba 5.0 zan saya a makon nan tun akwai sauran tabo, kuɗin da ya biyo baya in sa shi a kyamarar baƙi-da-fari, wadda za ta yi aiki a duka hanyoyin, sannan in buɗe asusun H-alpha ba tare da gaggawa ba. In ta kama ta hannu za ka saya, ka nemi a leƙa maka rana da ita kafin ka biya, domin filtan ciki na tsofaffi yakan yi wani hazo mai kama da tsatsa, musamman in an ajiye su inda akwai laima, sai hoton ya dushe. Ka fara ɗauka, ka turo mana na farko tare da lokacin da ka ɗauka da kuma abin da ke ƙarƙashin inda ka saita, mu duba tare.