Takalmin taya na Riedell R3: ya dace da ɗan koyo

Kamfanin Riedell na garin Red Wing a Amurka yana yin wannan takalmi mai tayoyi huɗu domin masu fara wasan rola dabi (tsere tsakanin ƙungiyoyi biyu a kan takalman taya, inda ake tare juna da bangaza), wanda Leo Seltzer ya ƙirƙiro a Cikago a 1935. Wuyansa gajere ne, don haka idon sawu yana samun sararin karkata a kwana yayin da ɗan wasa yake kutsawa cikin abokan hamayya. Sai dai fatarsa ta roba ce, gindinsa kuma na nailan ne da ke ɗan lanƙwasa idan mai shi yana da nauyi. A ganina, ƙwararru irin su Joan Weston ta ƙungiyar Bay Bombers, waɗanda suka yi ta yawo gari-gari suna fafatawa a fage mai gangare, da sun kashe wannan takalmi nan da nan.