Sharhi a kan Ventoy: filash ɗaya maimakon tarin filash a aljihun mai gyara

Ventoy manhaja ce ta kyauta da ta fito a 2020, aikinta shi ne mayar da filash abin tayar da kwamfuta. Da ita nake ɗora Windows a Gusau, inda yawancin kayan da ake kawowa gyara laftof ne na hannu irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Fasaha ta Ƙauran Namoda, sai na masu shagunan buga takardu. A ganina ta fi Rufus, wata manhajar da ke irin wannan aiki, sauƙin aikin yau da kullum, amma ba ta kai a jefar da Rufus ba.

Da Rufus, duk lokacin da za ka canza Windows sai an goge filash an sake rubuta shi daga farko. Ventoy kuwa sau ɗaya ake saka ta. Ka buɗe Ventoy2Disk, ka zaɓi filash ɗinka, ka danna Install. Za ta share duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna. Tana raba filash gida biyu: ƙaramin ɓangare mai megabayit 32 da take zama a ciki, da babban ɓangare mai tsarin exFAT. A babban kake zuba fayilolin ISO, wato kwafin faifan ɗora Windows ko wata manhaja a fayil ɗaya, yadda kake kwafar waƙa. Windows 10, Windows 11, Ubuntu, Hiren's BootCD PE na gyare-gyare da Memtest86+ na gwajin RAM duk suna zama tare, in kwamfuta ta tashi ta nuna maka jerinsu ka zaɓa. Matsalar nan ta FAT32, da ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 4, ba ta taso ba sam. Filash mai gigabayit 32 ya wadatar, mai 64 ya fi sakewa.

Don kwamfuta ta ga filash, a HP ana danna Esc sannan F9, a Dell F12, a Lenovo ma F12. Nan ne ciwon kan farko yake. Idan Secure Boot, tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta aminta da ita ba, na kunne, shuɗin allo zai fito da rubutun "Verification failed: (0x1A) Security Violation". Ba lalacewa ba ce. Ka danna OK, ka danna kowane maɓalli, ka zaɓi "Enroll key from disk", ka shiga VTOYEFI, ka zaɓi fayil mai ƙarewa da .cer, sai Continue, Yes, Reboot. Sau ɗaya ake yi wa kowace kwamfuta. Wanda ke sauri ya shiga BIOS, wato saitin tushen kwamfuta, da F10 a HP ko F2 a Dell, ya kashe Secure Boot, ya mayar da shi bayan ya gama. Wannan allon yana firgita sabon yaron shago, kuma Rufus ba ta cika jefa mutum cikinsa ba idan ISO ɗin na Microsoft ne.

Abin da na fi yaba wa Ventoy ƙarami ne, mutane da yawa ba sa ma lura da shi. A can ƙasan allonta ta hagu, kusa da lambar sigarta, tana rubuta UEFI ko BIOS, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta ko tsohuwar. Wannan kalma ɗaya ita ke gaya maka ta wace ƙofa ka shigo. Idan ta BIOS ka shigo alhali faifan ajiya GPT ne, wato sabon tsarin raba faifai, Windows zai ƙi hawa, ya ce "The selected disk is of the GPT partition style". Idan ta UEFI ka shigo faifan kuma MBR ne, tsohon tsarin, nan ma ƙi zai yi. Masu gyara da dama kai tsaye suke danna Shift da F10, su rubuta diskpart, select disk 0, clean, su wanke faifan tas da fayilolin mai kaya a ciki, wataƙila har da furojet ɗin ɗalibi na shekarar ƙarshe. Sau da yawa babu buƙatar haka. Ka sake tayar da kwamfutar, ka zaɓi filash ɗin ta ɗaya ƙofar, domin yakan bayyana sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gaban sunansa. Sai an tabbatar babu abin da ake so a faifan sannan a yi clean da convert gpt.

Inda take gazawa: wasu kwamfutocin, bayan ka zaɓi ISO na Windows, sai allo ya yi baƙi ya tsaya, ko a ce "A media driver your computer needs is missing". Gwajin farko shi ne zaɓar "Boot in wimboot mode" a ƙaramin jerin da ke fitowa bayan an danna ISO. Na biyu, canza rami, musamman zuwa na USB 2.0 a tsofaffin injuna. In duk sun ƙi, sai Rufus. Shi ya sa nake ajiye filash na biyu mai gigabayit 8 don masu taurin kai.

Akwai kuma laifuffukan da ake ɗora mata alhali ba nata ba ne. Lambar 0x8007025D a tsakiyar aiki tana nufin bayanan da ake kwafa sun gurɓata, ko daga ISO da intanet ta yanke ana saukewa, ko daga RAM, ko daga filash na jabu. Kasuwa cike take da filash da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. H2testw ke tona asirinsu, tana cika filash da bayanai ta sake karantawa. Ventoy na da "File checksum" da za ka gwada SHA-256, lambar tantance fayil, na ISO da wanda Microsoft ta wallafa. RAM kuma a bar Memtest86+ ya zagaye ta aƙalla sau ɗaya. Da ƙurar hunturun nan tamu, cire RAM a goge haƙoranta da abin goge fensir a mayar yakan kawo ƙarshen magana. A laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, idan Windows bai ga faifai ba ko kaɗan, direban Intel RST ake ajiyewa a filash a loda shi ta "Load driver", ko a kashe VMD a BIOS.

Kafin ma a taɓa filash, a karanta abin da injin ke faɗi. HP da ta nuna "Boot Device Not Found" da lamba 3F0 ba lalle Windows ne ya mutu ba. Faifan na iya sakin jiki a mazauninsa, ko saitin BIOS ya koma na asali saboda batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin da agogo, ya ƙare. Danna F2 ka gwada faifan. Batirin CMOS yawanci CR2032 ne mai bolt 3, kuma alamar mutuwarsa ita ce kwanan wata da ke komawa baya, wanda shi ke sa burawza ta ƙi buɗe shafuka, manhajoji su ƙi sauka.

Game da Windows 11, sababbin sigogin Ventoy suna tsallake binciken TPM 2.0, ɓangaren tsaron da Windows 11 ke nema, don haka yana hawa EliteBook 840 G3 mai Intel ƙarni na 6 duk da Microsoft ƙarni na 8 zuwa sama ta gindaya. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, masu kaya na yawan neman haka. Ina yi, amma sai injin na da SSD da RAM gigabayit 8, kuma ina gaya wa mai shi cewa babban sabuntawa na gaba ba lalle ya sauko da kansa ba.

Amfani ɗaya da ya rage bayan an gama: tsofaffin manhajojin lissafi da na jarrabawa suna neman .NET Framework 3.5, kuma saukar da shi na cin data. Danna ISO ɗin da ke filash sau biyu ya buɗu, ka duba harafin da ya samu, a ce E, ka buɗe cmd da ikon admin ka rubuta dism /online /enable-feature /featurename:NetFx3 /All /Source:E:\sources\sxs /LimitAccess. Dole ISO ɗin ya zama irin Windows ɗin da ke kan injin, in ba haka ba zai ƙi.