Kemis ɗin da ba ya sayar wa yara ƙwaya a Tudun Wada

Jama'a duk mai neman kemis na amana a Gusau, akwai wani a layinmu nan Tudun Wada da nake yabawa. Shagon ƙarami ne, wani lokacin ka je neman magani ka tarar ya ƙare sai ka leƙa kasuwa, kuma farashinsa ya ɗan fi na maƙwabta, amma wallahi mai shagon mutum ne, tiramol ko maganin barci ba ya ba kowa sai da takardar likita, yaro kuwa ko ya ce babansa ne ya aiko shi sai ya ce "je ka turo Baba da kansa."

A gabana wani saurayi da bai wuce sakandare ba ya ajiye dubu biyu kan kanta yana raɗa, Malam ya tura masa kuɗinsa, ya zaunar da shi kan benci yana masa nasiha a hankali, ba tsawa ba tonon asiri.

Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma har yanzu wasu na sayarwa ta bayan fage, abin na ci min rai sosai. Shi dai wannan mai shagon ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta zo ba abin da zai ɓoye. Yana buɗewa har bayan isha'i.