Mai wayarin da ya gyara min shago a Agege

Jama'a barkanmu da war haka. Masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi irina a nan Agege su za su fi gane zancen nan, firiza uku gare ni, ranar da wuta ta samu matsala to ranar babu ciniki kenan.

Wanda na fara ba aikin a unguwa aka haɗa ni da shi, ya zo da katin ƙungiyar masu wayarin rataye a wuya har da hoto da hatimi, shi ya sa na saki jiki. Ko wata biyu ba a yi ba soket ɗin firiza ya narke, ƙauri ya cika shago, Allah ne ya tsare yarona na ciki ya yi maza ya kashe wuta. Na je wajen shugabannin ƙungiyar tasu, gaskiya sun karɓe ni da mutunci amma iyakar abin da za su iya su yi masa faɗa ko su kore shi, kuma ko sun kore shi gobe zai saɓi jakarsa ya tafi Mile 12 ko Idi-Araba ya ci gaba da aiki, tunda shiga ƙungiya ganin dama ne ba dole ba. Kuɗina kuwa sun tafi.

Na biyun shi nake so in yaba. Kafin ya taɓa komai sai da ya nuna min shaidarsa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba aikin wuta da tantance masu haɗa wayarin, da kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Ya ce Alhaji zo ka gani da idonka, ya zaro tsohuwar wayar ya kankare ta da wuƙa, sama ja ciki fari fat, ashe alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma siririya ce mai kaurin 1.5 wadda ake ja wa ƙwan fitila, ita aka ɗora wa firiza uku a layi ɗaya! Wayar ƙasa ma da ke kare mutum daga shokin babu ita sam. Jikina ya yi sanyi wallahi, don yara na taɓa firizan nan da jiƙaƙƙen hannu kullum.

Tare muka je kasuwar Alaba muka sayo waya mai kaurin 2.5 ta Coleman, ya ja wa kowace firiza layinta da birekarta mai katse wuta idan ta yi yawa, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa bayan shago, ya sake makunnin da ke juya wuta daga NEPA zuwa janareto, ya gwada komai da mitarsa sannan ya rubuta min rasit da lambar shaidarsa a jiki.

Inda ban ji daɗi ba, kuɗinsa ya kusa ninka na wancan, kuma kwana biyu a jere sai bayan azahar yake isowa yana cewa gosulo.

Ni dai a ganina wannan aiki bai kamata a bar shi a hannun ƙungiyoyin sa kai ba. Direba ba ya hawa titi sai da lasisi, ta yaya wanda kuskurensa ɗaya zai iya cinye layin shaguna zai yi aiki da kati kawai? Ga Legas ta samu dokar lantarki tata da Gwamna Sanwo-Olu ya sa wa hannu a Disambar 2024, to a tilasta shaidar a riƙa bi ana dubawa, wanda ya yi ha'inci a ƙwace. Sai dai a sauƙaƙa wa yaranmu da suka koya a wajen oga kuɗin jarabawa, da yawansu sun iya aikin sosai, takardar ce kawai babu.

Yau wata biyar kenan, kowane dare kafin in rufe sai na ɗora hannu a kan soket ɗin, a sanyaye nake jin sa, Alhamdulillah.